Sosamma da Gashin Idon Mijinta

Kullum da hantsi, in ta sauka daga jirgin fito a birnin Kochi ta shigo ɗakin bincikenmu na halittun teku, Sosamma kan shanye shayinta a tsaye, ta zuba laka a faranti, ta duƙufa kan madubin ƙara girma. Daga gindin teku ake kwaso lakar, inda ƙasa ke gangarawa a hankali kafin zurfi ya yanke. A ciki take tsintar 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ta kai kowa cikin danginsa. Tun gashinta na baƙi wuluk take wannan aiki, wannan watan za ta ajiye.

Allura farke irin waɗannan halittu take yi, don haka masu sana'ar kan manna gashin ido guda a bakin tsinke su riƙa juya su. Nata gajeru ne. Na mijinta Kuriyakos, matuƙin jirgin da ke kwaso lakar, zara-zara. Kai, an sha kallo a bakin gaɓa!

"Tsaya mana, maigida, guda ɗaya tak."

"Wannan mata, kaza kika mayar da ni? Kowa matarsa na dafa masa kifi, ni tawa fige ni take yi!"

Yana mita yana miƙa mata fuska.

Bara waccan Kuriyakos ya rasu, ya bar ta da tsinke ɗaya mai gashin idonsa.

Bana, cikin lakar fitarsa ta ƙarshe da aka adana tun lokacin, ta yi kiciɓis da wata halitta da ba a taɓa sani ba, ƙwaya ɗaya tal. Ba a raɗa wa irinta suna sai an ware ƙafafunta an zana su, in kuwa ta dagargaje, shi ke nan. Ga yanar ido ta fara rage wa Sosamma gani.

Remadevi, abokiyar aikinta, ta ce, "Yaya, ga nawa tsinken sabo. Adana na marigayi, kar ya karye."

"Riƙe abinki. Shi ya kwaso ta, shi zai juya ta."

Wuni guda ta yi a duƙe. A ƙafar ƙarshe gashin ya karye, amma zane ya cika. Remadevi ta fashe da kuka. A sana'ar, mutum ba ya sa wa halitta sunan kansa, sai na wani. Sosamma ta sa mata Kuriyakos.

Ke ce mai haƙurin tsintar rai a cikin laka, Sosamma. Mun gode, kuma wallahi za mu yi kewarki. Ku masu tasowa, ku koyi zama a kan abu komai ƙanƙantarsa har ya sami suna.

Ranar da take kwashe kayanta, Remadevi ta ga ta sa tsinken a jaka, babu gashi a bakinsa.

Sosamma ta ce, "Kar ki sake yi mini kuka. Ya koma tekunsa, babu kuma mai fige shi."