Sista Safara'u da Tsokar Gwaggo Nagode

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Maris, 1986, Allah ya karɓi ran Sista Safara'u Labaran, ma'aikaciyar jinya a ɗakin mata na asibitin Talata Mafara, bayan jinyar kwana tara.

Safara'u, ni ɗin da nake koya wa 'yan mata da matan aure hukuncin haila da tsarki, ke kika gyara mini karatu.

A shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya tashe mu daga tsohon Maradun, ƙanwar mahaifina, Gwaggo Nagode, ta kira ni gefe. Shekara bakwai da ɗaukewar al'adarta, sai ga jini ya dawo. Tambayarta ɗaya ce: ta yi salla ko ta bari? Na ce jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta yi sallarta. Ta tafi da murna, ni ma na ji na yi aikin lada. Wata biyar tana zuba a ɓoye.

Da kika zo suna gidanmu kika ga tafin hannunta fari fat, sai kika tsare ni a bayan rumbu.

"Malama, kin ce jinin ciwo na. To, wane ciwo?"



Kika bayyana mana, ni da Gwaggo, cewa ido ba ya gane dalilin irin wannan jini. Sai likita ya kankaro 'yar tsoka daga cikin mahaifa, a sa a kwalbar magani, a kai Zariya a duba da madubin likita. Yana iya zama tsiro mai sauƙi, yana iya zama sankara. Gwaggo ta ƙi. Ba wuƙa take tsoro ba.

"Ɗiyata, naman jikina za a ɗauka a kai wani gari ina raye? Wa zai bizne shi?"

Ba ki yi mata dariya ba. Sau uku kina hawa motar kasuwa kina zuwa. Kika gwada mata ƙwayoyin gero a tafinki, kika ce abin bai fi 'yan waɗannan ba. Kika ce in nemo mata hukunci, tunda bakina take ji. Na bi malamai biyu har Bakura, suka ce neman magani ya halatta hakan. Sannan ta yarda, hannunta cikin naki har aka gama.

Kwana ashirin da uku muna jira. Jinin bai tsaya ba. Duk motar da ta tsaya ƙofar asibiti sai in je in duba ko takardar Zariya ce ta iso, don na san wata biyar ɗin nan ni na ɓatar mata da su.

Takarda ta zo: sankara ce, amma ba ta fita daga mahaifa ba. Kika karanta mana ba ɓoye-ɓoye, kika raka ta Sakkwato aka cire mahaifar.

Tun daga ranar, duk ɗalibar da ta tambaye ni hukuncin jini, ina ba ta hukuncin, sannan in ce ta tashi mu je asibiti.

Gwaggo Nagode ce ta yi miki wanka ranar Laraba, da ƙarfinta. Ta hana kowa ɗaukar mata tulun ruwan.

Ya Allah ka gafarta wa Safara'u, ka yalwata kabarinta, ka sa jinyar da ta yi wa bayinka ta tsaya mata. Ga maigidanta Malam Isa, da 'ya'yanta Maiwada da Taibatu, da abokan aikinta, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.