Ranar da Aka Tambaye Ni Garin Mijina

Akwai wata tambaya da aka taɓa yi mini a wani ofis a Kano, wadda har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba.

Ni 'yar Bebeji ce, a nan aka yanke mini cibiya, a nan kuma nake koyarwa a firamare. Maigidana kuwa mutumin Chadi ne. Yana saurayi ya shigo ƙasar nan da sana'ar gyaran injin ban-ruwa, ya zauna wajen Bagauda cikin masu noman rani, har Allah ya haɗa mu. A lokacin da abin ya faru shekararmu goma sha tara da aure, da 'ya'ya huɗu. Hausa ta zauna a bakinsa sosai, ba ka gane baƙo ne sai ya zo faɗin ƙofa ya ce kofa.

Wata rana za mu suna Tudun Wada, jami'an shige da fice suka tsayar da motarmu a Kwanar Dangora. Ashe katin zamansa ya ƙare da sati biyu bai lura ba. Ba su ci masa mutunci ba, gargaɗi kawai suka yi masa suka sallame shi. Amma ganinsa tsaye a bakin titi yana ba da haƙuri, mutumin da ya ɗauki gawar mahaifina a kafaɗarsa, ya tsaya mini a rai. Da muka dawo gida na ce, "Malam, ka nemi zama ɗan ƙasa mana, mu huta da wannan katin." Ya ce, "To, in kina so."

Sai da muka shiga harkar na san ba ƙaramin aiki ba ne. Aka ce mana da ni ce baƙuwar shi ne ɗan ƙasa, da abin ya zo da sauƙi. Amma mijin 'yar ƙasa sai ya bi doguwar hanya. Muka karɓo takarda daga mai unguwa, da ta dagaci, da ta ƙaramar hukuma. Limaminmu da wani dattijon Bafulatani da maigidan ke gyara wa inji suka tsaya masa shaida. Ni ce mai cike fom, ni ce mai adana takardu a jakar makarantata, har ina jin kaina a matsayin wadda ke yi masa gata.

Ranar ganawa muka yi sammako zuwa Kano. Aka fara shiga da shi, ya daɗe, sannan aka kira ni ni kaɗai. Jami'ar wata dattijuwa ce mai tabarau da sanyin murya. Ta tambaye ni shekarar aurenmu, da sunayen yara, da sana'arsa. Ina ta amsawa kamar mai biya karatu.

Sai ta ce, "Malama, wane gari aka haife shi?"

Na ce, "Chadi."

Ta yi murmushi. "Chadi ai ƙasa ce. Garin nake tambaya."

Ni na rubuta sunan a fom da hannuna, amma kwafa kawai na yi daga tsohon katinsa, bai zauna mini ba. Ta ce, "To, mahaifiyarsa fa, yaya sunanta?" Na san ta rasu kafin aurenmu. Iyakar abin da na sani ke nan. Ta sake tambaya, su nawa ne a ɗakinsu? Na ce ina jin yana da yaya mace.

Ta ajiye bironta ta dube ni, ba da faɗa ba. Ta ce, "Shi kuwa da na tambaye shi, har kakarki ta wajen uwa ya faɗa mini sunanta, da unguwar da aka haife ta a Ƙiru."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Tsoro ma ya kama ni, kada a ce auren namu na takarda ne, in zama ni na ɓata masa lamari. Ta lura, ta ce kada in damu, shaidun da ke gabanta sun isa. Ta ƙara da cewa, "Amma ki tambaye shi. Ba don mu ba."

A mota muna dawowa na kasa haɗa ido da shi. Sai da muka kusa gida na ce, "Malam, yaya sunan Inna?" Ya juyo ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Sannan ya faɗa a hankali, ya sake maimaitawa. Ya ce rabonsa da furta sunan a fili ya fi shekara ashirin. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba ni labarin ƙauyensu gabas da Njamena, da rijiyar da ke bayan gidansu, da yayarsa da ta goya shi. Na ce me ya hana shi gaya mini tun tuni? Ya ce, "Ba ki tambaya ba, ni kuma na ga kamar baƙo ba ya cika wa masu gida kunne da zancen garinsu."

Takardar zama ɗan ƙasar ba ta fito ba sai bayan shekara uku. Ranar da ya yi rantsuwa ya karɓo ta, 'yan unguwa suka cika mana gida da murna. Da hutun makaranta ya zo, ni na matsa muka kwashi yaran muka tafi ƙauyen nan. Yayarsa, tsohuwa tukuf, ta riƙe fuskar babbar 'yarmu tana kuka tana magana da Larabcinsu. Ya fassara mini: wai kamanninta sak na mahaifiyarsu.

Abin da na koya shi ne, wanda ya baro gida ya zauna da kai, yana da nasa gidan a ransa ko bai faɗa ba. Shekara goma sha tara ina ganin na karɓi baƙo hannu bibbiyu, ashe ko sau ɗaya ban tambaye shi daga ina ya taso ba. Yanzu duk wanda na zauna da shi, ko sabuwar malama aka turo mana, nakan fara da tambayar garinsu, kuma in tsaya in ji amsar.