Hannun Hagu na Baba Mai Kwalba

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Kwalba yake buɗe ɗakin da ke jikin ƙofar gidansa. Tagata tana kallon tasa, shi ya sa na haddace tsarinsa. Zai ɗauki tsohon burushin fenti ya bi kantoci uku yana sharar ƙura, sannan ya zaɓi rediyo ɗaya ya kunna, ya ja kujera ya jira. Irin rediyon dā ne mai akwatin katako, wanda a cikinsa akwai 'yan kwalabe na gilashi da sai sun yi ja sun ɗauki zafi kafin murya ta fito. Daga kwalaben nan ya samo sunansa. Kowane rediyo da ranarsa, don a cewarsa wanda ya daɗe a kashe ciwon zama yake kama shi.

Gyaran rediyo ba sana'arsa ba ce. Shekara talatin da biyu ya yi yana hawa turakun wayar tarho. Wata rana a hanyar dawowa daga aiki ya tarar da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ɗaga guduma zai fasa wani rediyo don ya ciri tagullar ciki. Baba ya riƙe masa hannu, ya ba shi tsohon kekensa, ya ɗauko rediyon a ka zuwa gida. Yau akwai sittin da uku a ɗakin, kuma duk suna magana. Wani gara ta ci bayansa aka kawo shi, wani kuma ɓera ya haihu a cikinsa.

Inna, matarsa, takan ce, "Kowa ya yi ritaya ya huta, nawa ya yi ritaya ya buɗe asibiti."

Shi kuma ya ce, "Marasa lafiyata ba sa cin tuwonki."

Kai, ba ma wannan ba: abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da idona ya gani bara.

Wani direban babbar mota ya zo da rediyo a naɗe cikin bargo. Na marigayi mahaifinsa ne, ya fi shekara ashirin bai yi magana ba. Mahaifiyar direban ta tsufa, mantuwa ta kama ta, ba ta gane 'ya'yanta. Amma kullum da la'asar sai ta tsaya gaban rediyon tana murɗa shi, in ta ji shiru ta fashe da kuka. Sun saya mata sabo, ta ture shi.

Baba ya buɗe bayansa, ya shinshina, ya ce 'yar taransfomar da ke cikinsa ce ta ƙone, kuma an daina yin irinta. Sai dai a warware ta a sake naɗa ta da hannu, da waya siririya kamar gashi, zagaye dubu biyu da ɗari huɗu.

Direban ya ce, "Baba, zai yiwu?"

"Zai yi magana, in Allah ya yarda. Ka ba ni wata guda."

Kwana tara da yin haka, Baba ya faɗi a bakin famfo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti ƙafa ta fara dawowa, hannu ya ƙi. Babbar 'yarsa ta kulle ɗakin ta tafi da makullin gidanta, kuma ban ga laifinta ba: wutar da ke cikin irin waɗannan rediyoyi tana iya kayar da ƙato mai lafiya. Direban ya zo gaisuwa, ya ce cikin ladabi zai tafi da kayansa, kada a ɗora wa Baba nauyi.

Bakin Baba bai gama daidaita ba a lokacin, amma na ji amsarsa sarai. "Na ce maka zai yi magana. Ban ce da wane hannu ba."

Ya aika a kira 'yar tasa. Ta ce, "Baba, da hannu ɗaya?"

Ya ce, "Ke ba ki san aikin ba. Dama ƙa'idarsa, in za ka taɓa cikin rediyo sai ka sa hannu ɗaya a aljihu, kada wuta ta bi ta ƙirjinka. Shekaru ina mantawa. Yanzu an sa mini shi a aljihu dindindin."

Ta yi dariya da hawaye a fuskarta, ta ajiye makullin.

Sati uku ya yi yana koya wa hannun hagu riƙe ƙarfen liƙi a kan tarkacen waya. Dalma ta ɗiga masa a cinya, ta huda wando biyu. Naɗin taransfoma kuwa hannu biyu yake so, ɗaya yana juyawa, ɗaya yana jan waya. Nan ne Inna, wadda ta yi shekara talatin ba ta shiga ɗakin sai don ta kira shi cin abinci, ta jawo kujera ta zauna. Ita ke juya mariƙin abin naɗin, shi ke jan wayar, suna ƙirga tare da babbar murya. Na sha jin su daga tagata. A zagaye na ɗari tara wayar ta tsinke. Suka warware suka koma farko. Ta sake tsinkewa a dubu da ɗari bakwai. Ranar Inna ta tashi ta ce ita ba ta iyawa. Washegari ita ta riga shi shiga ɗakin.

Wata guda ya zama wata biyar. Ran da aka mayar da rediyon ni na riƙe shi a cinyata a cikin mota. Aka jona, kwalaben suka fara ja. Sai ga 'yar ƙara, sai ga muryar mai karanta labarai. Tsohuwar ta matso, ta ɗora tafin hannunta a saman akwatin, inda yake ɗumi. Ta ce, "Malam ya dawo ke nan. A kai masa ruwa."

Ba ta gane ɗanta ba, har yau ba ta gane shi. Amma kukan la'asar ya tsaya. Direban ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Baba, kai ne wanda ba ya ce wa abu ya mutu sai ya buɗe ya duba. Kai ne ka ɗauki alkawari da hannun dama, ka cika shi da hagu. Mai kunnen da ke jin ciwo a cikin ƙara, gwanin da ba ya ɓoye sani. Ba ka taɓa shiga gidan rediyo ba, ba a taɓa faɗin sunanka a ciki ba, amma gidaje nawa ne suka sake jin muryar da suka saba da ita saboda kai?

A watan nan likita ya hana shi karɓar sabon aiki, kuma wannan karon ya yarda, bisa sharaɗi. Kowace Asabar da hantsi ɗakin a buɗe yake ga duk mai son koyo. Zuwa yanzu mu huɗu ne: ni, da wata malamar kimiyya, da mai gyaran agogo, da direban nan in ba ya kan hanya. Baba yana zaune a bayanmu da sandarsa, in mutum ya yi liƙi mara kyau sai ya ji ta a kafaɗa.

Mun gode, Baba. Mun gode, Inna. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a sauran kwanaki.

Ku kuma masu karatu, in akwai tsohon rediyo a ƙarƙashin gadon kakarku, kada ku miƙa shi ga mai guduma. Ku nemo dattijon da ya san cikinsa tun yana iya nuna muku, ku zauna kusa da shi, ku sa hannu. A ɗakin Baba kujera biyu ce ta rage, kuma ba ya son makara.