Bappa Hammadu Ba Mahaukaci Ba Ne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗumama tuwo labarin ya same ni. Bappa Hammadu ya rasu a Nukkai, a gidan 'yarsa.

Hawayena bai bushe ba na buɗe waya, sai ga wani ya saka hotonsa ya rubuta, "Mahaukacin Reluwe ya tafi." Har da masu danna alamar dariya a ƙasa.

To ku saurare ni, yau ba zan yi shiru ba.

Yawancinku ba a haife ku ba lokacin da ya dawo Jalingo. Ba a daɗe da ba mu jihar Taraba ba, ni kuma ina sayar da tuwo da shinkafa a tashar motar da ke kusa da gidanmu a Majidaɗi.

Aikin shara ya yi a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa can wajen Gombe. Shi ya gaya mana cewa tashoshin reluwe aji-aji suke. Babba tana da masu shara da durom-durom na zuba bola, ƙarama kuwa sai abin da ya samu. Da jirage suka yi ƙaranci aka mayar da tasharsa ajin ƙarshe, aka ce ba ta buƙatar mai shara. Ya naɗe tabarmarsa ya dawo gida.

Babu wanda ya ɗauke shi aiki a tasharmu. Wata safiya kawai muka ga ya jera durom uku. Ɗaya na ragowar abinci da ɓawon doya da na rake, ɗaya na leda, ɗaya na kwalba da gwangwani.

Kullum sai ya zagaya tashar, hannu a baya kamar insifeto. In ta yi fes ya ce, "Yau muna aji ɗaya." In direbobi sun watsar da ledar ruwa ya girgiza kai ya ce, "Kun mayar da mu aji uku."

Ku duba fa, a garin da ba a taɓa shimfiɗa ko taku ɗaya na layin dogo ba! Dariya muke yi har da riƙe ciki.

Ni na fi kowa. Da gangan nake haɗa ƙanzon tukunya da leda da fasasshen kwano in juye a durom ɗaya. Shi kuma ya naɗe hannun riga ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Abin da kawai yake cewa shi ne, "Adda Mairo, dabbobin mutane ne za su ci wannan."

Rannan a gaban fasinjoji na ce, "Ku rabu da shi, mahaukacin reluwe ne."

E, ni ce. Ni na raɗa masa sunan nan da bakina. Kafin sati ya zagayo 'yan kamasho sun ɗauka, masu tura baro sun ɗauka.

Ina da awaki huɗu a lokacin, kullum suna kiwo a bolar bayan layinmu. Babbar cikinsu ta fara ramewa, cikinta kuwa kamar ganga. Da na ga za ta mutu a banza na kira mahauci ya yanka. Wallahi a gabana ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta, ya kai girman ƙwaryar fura. Sai da na zauna a ƙasa.

Washegari da yamma ga Bappa a ƙofar gidanmu da buhu a kafaɗa. Ɓawon doya ne da ragowar abinci, ko ɓurɓushin leda babu. Ya ajiye ya ce, "Ki ɗaure sauran a gida, ni zan riƙa kawowa."

Bai ce ai na gaya miki ba. Ya yi ta kawo buhun nan har awakina suka hayayyafa.

Ba ni kaɗai ba ce. Masu shanu da ke shigowa daga wajen Lau ran kasuwa, wurin durom ɗinsa suke fara tsayawa. Duk da haka in sun juya baya, da wancan sunan suke kiransa.

Na daina faɗar sunan da bakina, amma ban taɓa tsayawa a tsakiyar tasha na ce na yi ƙarya ba. Girman kai ya hana ni, shekara da shekaru.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce na je Nukkai duba shi. Ya rame ƙwarai, amma a gefen tabarmarsa ƙwallon dabino daban, fankon magani daban. Idonsa ya yi rauni, amma ya gane muryata, ya yi dariya ya ce, "Adda Mairo, sunan nan naki ya riga ni zuwa Nukkai. Jikokina ma sun ji shi a makaranta."

Na je ne da niyyar neman gafara. Amma sai na taya shi dariya, na ce zan dawo wani satin.

Ban koma ba.

Don haka kai mai hoto, da ku masu dariya, ni da na raɗa sunan na janye shi yau a gaban kowa. Mutumin nan ya fi mu hankali, mu duka. Wanda bai ji daɗi ba ya cire ni daga abokansa, ko a jikina. Wanda kuma ya sake rubuta sunan a shafina zan goge, in toshe shi, ko ɗan ɗakinmu ne.

Allah ya jiƙan Bappa Hammadu, ya haskaka kabarinsa, ya wanke shi tas kamar yadda ya wanke mana tasha ba da ko sisi ba. Allah ya ba 'yarsa da jikokinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, kuma ya kira shi da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Ni ma ku saka ni a ciki. Ku roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini kafin ya cika, don ban tambaye shi ba.