Hannuwan Inna

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu, na bi Baba a ƙafa daga Ƙofar Kwaya zuwa shagon wani mai hoto kusa da Babbar Kasuwa, ina riƙe da hoton Inna a ambulan. Shekara guda ke nan da rasuwarta, kuma ɗan hoton nan da aka ɓamɓaro daga katin asibiti shi kaɗai ta bari. Kai ne da kafaɗu kawai, bai fi akwatin ashana ba.

Ni kuwa hannuwanta nake kewa. Su suke yi mini kitso a gindin dalbejiyar tsakar gida, su suke ɗura mini kunu in na yi gardama, kullum da jan lalle da ƙamshin daddawa. Bayan ta tafi gidan ya yi mana yawa. Baba na fita tun safe, ni ke shara da wanke-wanke, sannan in zauna ina carafke ni kaɗai, har na fara mance yadda yatsunta suke. Wannan ya fi komai tsorata ni.

A makaranta Malam ya koya mana kalmar Turanci, inlaj, wato a ƙara wa abu girma. Ya ce ana yi wa ɗaki, a rushe bango a faɗaɗa shi, ana yi wa gona, har hoto ma ana yi wa. Ai kuwa na rasa sukuni. A lissafina na yarinta, tunda ɗaki na samun filin da a da ba shi da shi, to hoto ma zai buɗe ta ƙasa hannuwan su fito. Na dami Baba da naci har ya yarda, ban faɗa masa dalili ba.

Da muka koma karɓa, mai hoton ya miƙo shi cikin firam, ya kai faifai girma. Fuskar ta yi dishi-dishi, kuma a kafaɗa ya tsaya. Na tambaye shi ina hannuwan. Ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa.

"Ɗiyata, abin da ke ciki shi ke girma," in ji shi. "Wanda bai shiga ba, ba ni da inda zan samo maki shi."

Yau hoton na cikin wayata. In 'ya'yana sun tafi makaranta gida ya yi tsit, nakan sa yatsa biyu in buɗe shi har ya cika gilashin, kuma har yanzu a kafaɗa yake tsayawa. Sai dai kafin Baba ya rasu ya taɓa kama hannuna a bakin gadonsa, ya juya shi, ya ce irin nata ne sak. Tun daga nan hannuwana nake kallo.