Bindigar aljihu da biran Iware

Shekarar da aka ba mu jiha aka kwaso mu daga Yola aka zube a Jalingo, ni da matata da yara biyar, a ɗaki biyu a unguwar Abbare. Ƙaramin akawu ne ni, kuma a lokacin duk wanda ka gani da biro a aljihu, to yana da fartanya a gida. Ni ma na samu aron gona a bayan Iware, a gindin wani dutse, na zuba masara. Ba ta sayarwa ba ce, tuwon gidana ne na shekara.

Da yayana, wanda tsohon soja ne, ya ji inda gonar take, sai ya ja ni ɗaki ya kwance wani ƙunshin tsumma. Ƙaramar bindiga ce mai gajeren baki, irin wadda cikinta ke juyawa, tana cin harsashi shida. Nauyinta bai fi na tocila ba.

"Dajin nan akwai mugun dawa, akwai gwaggon biri," in ji shi. "Riƙe ta don tsaron kanka. Amma kada ka nuna ta a hanya, ba ta da takarda."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗinta. Duk Asabar nakan cusa ta a aljihun 'yar shara in hau babur ina jin kaina wani namijin duniya, sai in na hango shingen sojoji in shiga karanto addu'a a zuci. Tsoron da ta jawo mini a kan kwalta ya fi wanda ta cire mini a daji.

Maƙwabcina a gona wani dattijon Mumuye ne. Masara na fara goyo ya ɗaure rumfa a kan wata ɗorawa, shi da matarsa suna karɓa-karɓa daga asuba har faɗuwar rana. Yana rataye da tsohuwar harba-ka-ruga wadda ko albarushi babu a cikinta. Wata Asabar ya tsallako iyaka ya same ni.

"Malam, masara naka ya yi goyo. Wa zai zauna masa?"

Na daki aljihu, na ɗan leƙo masa da gindin bindigar. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan na mutum ne, biri bai san shi ba. Biri yana tsoron abu dogo, da mutum wanda ya zauna. Kai kana zuwa Asabar. Su ma sun sani."

Na ce masa, "To Baba, na gode," amma a raina cewa na yi me tsoho mai bindiga ba albarushi zai koya mini. Girman kai rawanin tsiya. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, ko na ji maganarsa ban ga yadda zan yi ba. Ana ta tantance ma'aikata a lokacin, wanda aka nema aka rasa sai a soke sunansa. Matata kuma jego take yi, yaran duk ƙanana.

Abin da ya faɗa shi ya faru. Ranar Asabar ko wutsiyar biri ba na gani. Litinin zuwa Juma'a kuwa gonar tasu ce. Kuma biri ba ci yake yi ya ƙoshi ya tafi ba. Zai karya masara ya gatsa sau ɗaya, ya hango wata ya yar da wannan. Kowane mako sai in tarar da kunya biyu ko uku a kwance, ɗanyar masara a warwatse tana ruɓewa. In tsaya ina zage-zage ni kaɗai, hannuna a kan aljihu.

Wata Laraba na yi ƙaryar zazzaɓi a ofis, na isa gonar da hantsi. Na sami biran a ciki, sun fi ƙarfin ƙirga. Babbansu yana zaune a kan suri yana gadi. Ya dube ni, ya ga hannuna ba komai, ko motsi bai yi ba. Raina ya ɓaci. Na zaro bindigar da ban taɓa harbawa ba, na saki biyu. Ƙarar ta daki dutsen ta dawo, harsashin kuwa Allah kaɗai ya san inda ya nufa. Suka watse suka haye dutse, suka zauna a jere suna kallona.

Na zauna a kan surin har la'asar, ina zuba ido ko wani zai zo tambayar wa ya yi harbi. Babu dabbar da ta nemi taɓa jikina a dajin nan, ko sau ɗaya. Abincin 'ya'yana suke so, kuma na san gobe Alhamis dole in sa hannu a ofis. Da na tayar da babur, ta madubi na ga sun fara gangarowa.

Ranar girbi abin da na tsinta bai cika buhu ɗaya ba. Na ɗaure shi a bayan babur. Na iso gida na tarar matata ta share tsakar gida fes, ta shimfiɗa tabarmi, ta kira matan maƙwabta uku su taya ta ɓarar masara.

"Sannu da zuwa, Baban yara," ta ce da fara'a. "Motar tana baya ne?"

Na kwance buhun na ajiye a gabanta. Ta dubi buhun, ta dube ni, sannan ta juya ta ce wa matan su yi haƙuri su koma gida, wannan ita kaɗai ma za ta iya.