Ban Ji Baburan Ba

Tun ina yaro sanƙarau ya tafi da kunnena na hagu, na dama kuma sai an ɗaga murya. A da wannan bai dami kowa ba a ƙauyenmu da ke kan hanyar Gwaska. Amma da 'yan bindiga suka cika daji, sai noma ya koma na masu kunne. Hannu na kan fartanya, hankali na kan ƙarar babur. Wanda ya fara ji, shi ke fara gudu.

Gonata ce ta ƙarshe kafin daji. Mai gonar da ke kusa da ni wani dattijo ne ɗan ƙabilar Gbagyi, Kirista, ba ya yawan magana. Shi ne kunnena. In ya ji abin da bai yarda da shi ba, sai ya jefo mini hoge, mu bi cikin dawa mu sulale. Wani lokaci babur ɗin mai kai taki ne kawai, mu dawo muna dariya.

Wata bazara 'ya'yansa suka zo daga Kaduna suka kwashe shi. Ranar tafiyar ya matso daidai kunnena na dama.

"Malam, ka bar gonar nan. In na tafi, wa zai jefe ka?"

"Allah na nan, Baba," na ce masa.

Gaskiya ba ni da inda zan je. Mai ɗakina ta rasu, 'yata ɗaya tilo tana aure a Birnin Gwari, ga ƙananan yara. Na zauna. Kullum hanya ɗaya nake bi, lokaci ɗaya, ni da shanun huɗata guda biyu. Ko daga nesa mutum ya zauna kan dutse zai haddace ni.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ina huɗar masara. Na ga shanun sun tsaya sun miƙe kunnuwa, na ɗauka ƙuda ne ya dame su, har na daka musu tsawa. Sai na ji gindin bindiga a kafaɗata, na kife cikin kunyar masara. Da na juyo, samari ne tsaye a kaina, ga baburansu a bakin gona. Bakin ɗaya yana ta motsi, idonsa jawur. Ashe sun daɗe suna kirana, sun ɗauka raini ne.

Na nuna kunnena, na ce, "Ba na ji."

Babbansu ya sunkuyo, ya kwarma mini ihu: "Wa kake da shi a gari?"

"Ba ni da kowa."

Don in kare 'yata na faɗa. Amma da maganar ta fita, sai na ji ta zauna daram, kamar ba ƙarya ba. Ya dube ni, ya dubi tsohuwar rigata, ya ɗaga wa sauran hannu. Suka kwance shanun suka kora. Ɗaya daga cikinsu, jan sa, ya waiwayo sau ɗaya kafin bishiyoyi su rufe shi.

Da na iya miƙewa, na duba gonakin da ke ƙasa da tawa. Babu kowa. Fartanyu a yashe, ga goran ruwan wani a rataye. Duk sun ji tun da wuri. Ban ga laifinsu ba, gonata da nisa, kuma kowa da iyalinsa. Na ja garma da hannu ɗaya har gida. Masu zaman gindin mangwaro suka yi mini sannu, idonsu a ƙasa.

Kafin kaka 'yata ta aiko mota, ban yi gardama ba. Yanzu ina wani ɗaki a unguwar Magajin Gari da ke Birnin Gwari, kafaɗar ba ta ɗaga fartanya. Da yamma nakan fito ƙofar gida, in jingina bayana da bango yadda zan ga duk mai zuwa. Maƙwabta na hira a gefena, in na ga sun yi dariya, ni ma sai in yi.